Kirarin da Ban Yi wa Lawali Ba

Akwatin Lawali ya fi nawa nauyi, kuma ni na ɗauke shi tun daga filin jirgin Tokyo har cikin jirgin ƙasa. Ba wanda ya ce in ɗauka. Ajiye shi kawai ya yi a gabana ya wuce yana gyara hula, hannuna kuma ya kai da kansa, yadda hannun ubana zai kai, yadda na kakana ya saba kaiwa. Sai da na zauna ina haki na ji haushin kaina. Mun ƙetare ƙasashe da teku, amma ƙauyenmu ya biyo mu bai ko gaji ba.

Sunana Isuhu. Ubana makaɗin noma ne a wani ƙauye tsakanin Illela da Dogarawa, Lawali kuwa ɗan Maigarinmu ne. Gidanmu ke yi wa gidansu kiɗa ranar Salla da ranar suna da biki. Gonar da muke ci, wadda muke kira gonar tudu, aro ce daga gidansu tun zamanin kakana. Shi ya sassabe ta, shi ya bar gawon da ke tsakiyarta, amma har gobe sunanta aro. Ni da Lawali muna aikin injinan ban ruwa a Konni, kuma tare muka ci jarrabawar zuwa Japan koyon gyaran injin famfo, a shekarar da ake ta babban taron ƙasa a Yamai. Jarrabawa ɗaya muka zauna, amma a garinmu cewa aka yi ɗan Maigari zai tafi karatu, an haɗa shi da yaron Makaɗa ya riƙa yi masa hidima.

A Tokyo muka fara zama, muna koyon harshe. Garin bai yi mini ba. Mutane kamar ƙwari, amma ba mai ce maka sannu. In muka zauna cikin jirgin ƙasa, kujerar da ke kusa da mu sai ta kwana ba kowa, mutane na tsaye suna lilo sun gwammace haka. Wani ɗan kasuwa mai fara'a ya sayar mini da takalmin sanyi, yana ta sunkuya mini kamar zai taɓa ƙasa da goshi. Ruwan farko da ya taɓa takalmin, ƙasansa ya buɗe baki, ashe kwali ne aka shafe da baƙin fenti. Na koma wurin na tarar da mai sayar da laima. Lawali ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ce da ma ɗan makaɗi ina ya san takalmi. Na haɗiye. A lokacin ina ce masa "ranka shi daɗe" kamar yadda aka koya mini tun ina ƙarami.

Daga nan aka tura mu arewa, wani ƙaramin gari a bakin teku mai warin kifi, inda lakwal ɗin, wato makarantar, take. Mu kaɗai ne baƙaƙe a garin. Yara kan biyo mu a baya, in mun waiwaya su watse. Ɗaki ɗaya aka ba mu a gidan kwanan ɗalibai, da murhun kananzir guda na ɗumama ɗaki. Murhun nan tun ranar farko ya koma gefen shimfiɗar Lawali bai sake dawowa ba. Ni ke saɓa garwar kananzir in taka dusar ƙanƙara in cika ta a shago, shi ke shan ɗumi. Sanyin ƙasar nan ba irin namu ba ne da rana ke korewa. Yana shiga haƙori. Akwai safiyar da na tashi alwala na ga ruwan buta ya zama dutse, na zauna na riƙe butar ina tunanin Innata tana hura wuta a tsakar gida, ƙamshin kunu na tashi. Kewa ta kama ni har na ji kamar ciwo ne a ƙirji.

A atiliye, wurin da muke kwance injina mu ɗaure, an haɗa mu biyu a kan inji ɗaya. Ni ke shiga ƙarƙashi, Lawali ke riƙe fitila. In malami ya zo, shi ke bayani, domin bakinsa ya riga nawa kama Japananci. Ban ce jaki ba ne, Allah ya sani. A takarda ba mai ja da shi. Amma hannunsa kullum fes, nawa kuwa baƙin mai ya shige ƙarƙashin farce har na daina wahalar da sabulu.

Mai dafa mana abinci wata tsohuwa ce gajera, bayanta ya ɗan rankwafa, sunanta Haru. Ni na laƙa mata Inna Haru, ta kuma amsa. Da ta ga kwana da kwanaki shinkafa kawai muke ci muna ture miya, ta tambayi dalili. Na yi mata bayanin alade da ɗan guntun harshen da nake da shi, rabi da baki rabi da hannu. Washegari ta zo da sabuwar tukunya, ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta nuna mana cewa wannan tamu ce, ba abin da zai shige ta sai kifi da ganye. Har muka bar garin ba ta taɓa kuskure ba.

A ɗakin cin abincin nan akwai tele. Ran Lahadi da yamma, kafin a zuba abinci, ɗalibai kan cika gabanta suna kallon fim ɗin zane, irin wanda a gida muke ce wa desan-anime, su kuma anime kawai suke cewa. A Konni yara ke kallon irinsa a gidan mai tele. A nan kuwa ƙarti ne masu gemu. Akwai wani Kenji, ƙato, wanda shi kaɗai ke ɗaga kan inji ya aza bisa tebur. Ranar farko da na ga hawaye na bin kumatunsa saboda zanen yara masu manyan idanu, fita na yi waje don kada in yi dariya a gabansa ya karya ni. Na ce wa Lawali mutanen nan sun ƙera jirgi sun ƙera mota, amma hankali bai gama zama ba.

Sanyi ne ya zaunar da ni gaban telen, domin ɗakin ya fi namu ɗumi. Tun ina kallo da gefen ido har na fara gane magana. Labarin wasu yara ne a wani ɗan tsibiri, lakwal ɗinsu za a rufe saboda mutane sun ƙare a garin, kowane yaro jirgin ruwa zai kai shi wani gari dabam. Ba faɗa, ba harbi. Yau wannan ya tafi, wani mako wancan. A ƙarshen kowane kashi akwai waƙa, muryar mace a sanyaye. Abin da take cewa, gwargwadon fahimtata, shi ne gobe wani zai zauna a kujerarka, ba zai san wanda ya kankare mata gefe ba, ka tafi kawai, kada ka waiwaya sai hanya ta karya kwana. Ban san ranar da waƙar ta shige ni ba. Na dai tsinci kaina ina jin haushi in wani ya yi tari lokacin da ake yin ta.

Ni kuwa na daɗe da rufe bakina ga waƙa. Tun a lakwal ta Illela yara ke kirana ɗan roƙo, suna miƙo mini ƙwandala in yi musu kirari. Na yi rantsuwa a raina ba mai sake jin muryata, zan ci abinci da sufana da ƙarfen kwance inji. Amma wata rana ina taya Inna Haru wanke tukwane, sai na ga ta tsaya cak da soso a hannu tana kallona. Ashe waƙar tsibirin nake yi ban sani ba. Ta ce in sake. Na ce ban iya ba. Ta ce ƙarya nake, ta kuma buge ni da soson a kafaɗa.

Sanyi na biyu ne na daina ce wa Lawali "ranka shi daɗe". Ban yi shela ba, bari kawai na yi. Ya kuwa lura. Shi ma ƙasar ta ci shi. Mutumin da a gida in ya fito ake tashi tsaye, ga shi nan yara na nuna shi da yatsa, mai shago na ƙirga masa canji a tebur don kada hannunsu ya haɗu. Na taɓa shigowa ɗaki na same shi ya fito da babbar rigarsa ta shadda daga akwati ya shimfiɗa a gado yana kallo. Na ji tausayinsa, ban ɓoye wa kaina ba. Amma murhun bai matso gefena ba ko a ranar.

Da watan gama karatu ya ƙarato, garin duka ya canza murya. A ƙasar nan lokaci ɗaya kowace lakwal ke sallamar ɗalibanta, ƙarshen sanyi. Rediyo ba ta da aiki sai waƙoƙin rabuwa, masu shago sun jera kaset-kaset a bakin ƙofa, kuma da yawansu daga finafinan zanen nan aka ciro su. Al'adar lakwal ɗinmu ita ce bayan an miƙa wa kowa takardar shaidarsa, 'yan aji su tsaya sahu su yi waƙa ɗaya da suka zaɓa da kansu. Aka yi ta gardama. Wasu na son ta wasu yara 'yan ƙwallo da suka buga wasansu na ƙarshe, wasu na son wata mai ganguna da ƙaho wadda suka ce ba za ta sa iyaye kuka ba. Kenji ya buga tebur ya ce in ba a yi kuka ba me aka zo yi. Da aka ce a ɗaga hannu, na ɗaga nawa ga waƙar tsibiri, ita ta ci.

Bayan kwana biyu malaminmu, Mori, ya kira ni da Lawali ofis. Mutum ne mai kirki, kuma da kirkin ya yanka ni. Ya ce ba sai mun wahalar da kanmu da waƙar aji ba, harshen da wuya, za a ajiye mana kujeru a gefe tare da manyan baƙi. Amma za a ba mu ɗan lokaci mu nuna wani abu na ƙasarmu. Kafin in buɗe baki Lawali ya karɓe. Ya yi masa bayani da Japanancinsa mai santsi cewa shi ɗan sarauta ne, ni kuma gidanmu mawaƙan gidansu ne tun kakanni, saboda haka shi zai zauna cikin kayan gargajiya ni kuma in yi masa kirari a gaban jama'a. Idon Mori ya yi haske. Ya ce bai taɓa jin abu mai ban sha'awa irin wannan ba.

Da muka koma ɗaki na tare shi.

"Ba ni yi," na ce masa.

"Mi kac ce?"

"Cewa niy yi ba ni yi. Ban ƙetaro teku don in yi maka roƙo ba."

Ya zauna bakin gado ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "Isuhu, kai ɗan Makaɗa na. Abin da tsohonka ka yi ƙohwag gidanmu ran Salla, shi za ka yi. Mi aw wuya ciki?"

"Tsohona na can. Ni nan ɗan aji ni ke, kamak kowa."

"To shi ke nan," ya ce, ya miƙa hannu ga murhu. "Ka dai tuna da gonat tudu. Damana na tahe."

Bai ɗaga murya ba, kuma na san ba barazanar banza ba ce. Kalma ɗaya daga bakinsa zuwa kunnen Maigari ta isa. Gonar nan ita ce rumbunmu. Daga ita ake cin tuwo tun kaka har wata kaka, da ƙannena da matar wana da 'ya'yanta. Ga azumi ya kama, ina yini da yunwa da wannan tunani. In na yi kirarin, na koma gida da takarda a hannu da sunan yaron Lawali har abada, kuma ni da bakina na tabbatar da shi a gaban duniya. In na ƙi, tsoho ya rasa gonar ubansa saboda girman kan ɗansa. Na rame a 'yan kwanakin nan har wandona na zamewa.

Inna Haru ce ta tsare ni a kicin ta ce me ke damuna. Ban taɓa gaya wa kowa a ƙasar sana'ar ubana ba, ranar na gaya mata. Ta tambaye ni wa yake yi wa kiɗan. Na fara cewa masu sarauta, sai na tsaya, domin ba gaskiyar duka ke nan ba. Kiɗan ƙofar Maigari sau nawa ne a shekara? Ainihin aikin Baba a gona yake, ranar gayya, in samari sun jeru kowa da kuyyarsa. Yana bin bayansu da ganga, wanda ya wuce gaba shi ake kira, ko ɗan wane ne. Na tuna wata gayya da wani ɗan mai kuɗi ya zo da sabuwar hauya ya zauna gindin bishiya yana jiran a ambace shi. Baba ya wuce ta gabansa har sau nawa, gangar ba ta san da shi ba. Ina ba tsohuwa wannan labari, ina jin wani abu na warwarewa a cikina. Ita dai ta gyaɗa kai ta ce ubana mutumin kirki ne, ta ci gaba da yanka kabeji.

Na je wurin Mori na ce zan yi abin ƙasarmu, amma da sharaɗi: in na gama zan shiga sahu in yi waƙar aji. Na gaya masa shekara biyu hannuna na cikin baƙin mai ɗaya da nasu, ban ga abin da zai mai da ni baƙo ranar ƙarshe ba. Kunnuwansa suka yi ja, ya sunkuya ya ce ya yi kuskure. Lawali kuma na ce masa zan yi kirari irin na Baba. Ya yi murmushi ya ce da ma ya san zan dawo hanya. Ban yi masa ƙarya ba, ban kuma yi masa ƙarin bayani ba.

Ranar ta zo da sanyi da rana fes. Zauren ya cika da iyaye cikin baƙaƙen kaya. Aka kira mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karɓi takardarsa da hannu biyu ya sunkuya. Sannan aka aza kujera a tsakiyar dandamali, Lawali ya hau cikin shaddarsa fara ƙal da hula, ya zauna ya baza riga. Gaskiya ya yi kyau. Zauren ya yi ta tafi.

Ni kuma na fito da garwar kananzir, wadda na yi sanyi biyu ina saɓawa. Na wanke ta, na ɗaura mata igiya na rataya a kafaɗa. Maƙogwarona a bushe saboda azumi. Na buga kiɗan gayya, wanda Baba ke buɗe fage da shi, na bi ta gaban kujerar Lawali na wuce har bakin dandamali, na hango tsohuwa can baya kusa da ƙofa da ɗan gyalenta na kicin. Na buɗe murya, muryar da na rufe tun ina yaro:

"Haru, uwar marasa uwa! Mai tukunya da jan zare! Kin dafa wa baƙo ba ki san garinsu ba, kin tashi da sanyi ba a gode miki ba. Haru, gaba dai, ba a wuce ki ba!"

Ba mai jin Hausa a zauren, amma kowa ya ji sunan. Kawuna suka juya baya. Tsohuwa ta rufe fuska da gyale. Na juyo kan 'yan ajinmu.

"Kenji, bijimin atiliye! Mai ɗaga inji da ƙirji, mai kuka gaban tele ba kunya!"

Ya miƙe tsaye da sauri kamar an kira shi a aji, ya rasa abin yi, ya sunkuya. A gida jinjina ake yi da hannu, su kuwa sunkuyawa suka yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya ji sunansa. Na bi su kaf, kowa da abin da na san shi da shi: wanda ya ƙone yatsa bai bar aiki ba, wanda ke zuwa a keke cikin ƙanƙara daga ƙauye, wanda ya ba ni safar hannunsa. Har Mori na ba shi nasa. Iyaye suka kama tafi bisa kiɗan garwa. Mutum ɗaya ne a zauren yake jin kowace kalma, yana zaune a bayana cikin shadda yana jiran sunansa. Na kai ƙarshe na kashe kiɗan, na ajiye garwa. Ban kira shi ba.

Na sauka na shiga sahu, Kenji ya matsa mini. Aka taɓa piyano, muka ɗauki waƙar tsibiri. Ban kai rabi ba murya ta karye. Ni da na fita waje don in yi wa ƙato dariya, ga ni ina sharɓar hawaye a gaban iyayen mutane, ina tunanin wanda zai kwana a shimfiɗata, da tukunya mai jan zare da ba mai sauran amfani da ita, da gawon tsakiyar gonar tudu. Na san abin da na jawo. Da na ɗaga ido na ga Lawali har yanzu yana kan kujerarsa shi kaɗai, ba wanda ya tuna ya ce ya sauko. Leɓɓansa na motsi. Ashe shi ma ya iya waƙar, baiti bayan baiti. Wannan ya yi mini ciwo, amma ban yi nadama ba, kuma ban fasa waƙata ba.

Bai yi mini magana ba a ɗaki, bai yi ba a jirgin ƙasa. A filin jirgi ya ajiye akwatinsa a ƙasa ya ɗan tsaya. Na ɗauki nawa na wuce. Daga baya na ji ƙarar nasa yana jan sa a ƙasa.

Mun iso gida da bazara, ana ta sharar gonaki. Ban kwana uku ba aka aiko daga gidan Maigari cewa bana suna da bukatar gonar tudu. Innata ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Wana ya ce mini abin da bai taɓa ce mini ba, na kuma tsaya na ji, domin yana da gaskiyarsa. Baba kuwa sai da la'asar ya kira ni, yana zaune a zaure yana ɗaure gangarsa. Ya ce in zauna.

"An ce ka kunyata ɗan Maigari gaban Japanawa."

"Kirari niy yi, Baba. Ban dai kira shi ba."

"Wa kaf fara kira?"

"Wata tsohuwa da ka dahwa muna abinci."

Ya ja tsirkiya ya ɗaure. "Ta yi aiki?"

"Ta yi."

"Shi hwa?"

Na sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Na ga tsufansa a ranar, kuma na san gonar yake gani. Na fara ba shi haƙuri, na ce ina da aiki yanzu, zan riƙa sayen hatsi. Ya ɗaga mini hannu. Ya ce hatsin kasuwa ba ya maye gonar da uban mutum ya sassabe, kada in ruɗi kaina. Sannan ya ce wace waƙa ce wannan da aka ce na tsaya cikin yaran mutane ina yi ina kuka.

Na yi masa ita a zauren nan, da Japananci, kaina a ƙasa. Na fassara masa abin da take cewa. Ya sa na maimaita, yana taɓa ganga da yatsa a hankali yana neman inda ƙafarta take, har ya samu. Ya ce mutanen nan sun san rabuwa.

Da ruwan shuka ya sauka, aka kira Baba gayya a wata gona bayan gari, na raka shi ina riƙe masa gora. Hanyar ta ƙofar gidan Maigari take bi, kuma tun kakana makaɗin gidanmu bai taɓa wuce ƙofar nan ba sai ya juya kiɗa ya gai da masu gida. Tun daga nesa Baba ya fara taɓa ganga, na ji waƙar tsibiri ce. Maigari na zaune bisa tabarma da mutanensa, Lawali na gefensa. Na zuba wa hannun tsoho ido ina jiran ya juya kiɗan. Ya yi musu sallama da baki, kamar yadda kowane talaka ke yi, hannunsa kuma ya ci gaba da abin da yake bugawa. Na ga Lawali ya sunkuyar da kai.

Daga nan hanya ta bi ta gefen gonar tudu. Barorin Maigari na ciki suna shuka, wani ya rataye rigarsa a gawon kakana. Gonar ba ta sake dawowa hannunmu ba har Baba ya rasu, kuma har yau in na bi ta wurin sai na ji a ƙirjina. Amma a ranar, ni ne na tsaya ina kallo. Tsoho bai rage tafiya ba.

"Taho," ya ce, bai ko juyo ba. "Ba kai kac ce kada a waiwaya ba sai hanya ta karya kwana?"